Nazarin Lamari: Gajeren Fim ɗin Ƙanƙara da Ya Haɗa Maƙwabta Rigima a Kano

Asalin lamarin: ƙarshen 2022

Saurayin da wannan bayani ya shafa ɗan cikin birnin Kano ne, bai cika shekara talatin ba a lokacin. Sana'arsa ta kullum tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a waya, a wani ɗan shago kusa da kasuwar waya ta Farm Centre. Asabar da Lahadi kuma yakan hayo kyamara ya ɗauki hoton biki. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi unguwarsu ba, domin mutanen da abin ya taɓa suna nan, kuma har gobe katanga ɗaya ce tsakaninsu. Zan riƙa ce masa darakta, tunda da sunan abokansa suke tsokanarsa tun bai ɗauki fitowa, wato yanki guda na fim, ko ɗaya ba. Ni na tace masa fim ɗin, wato na yanke na haɗa a kwamfuta, har sau biyu, shi ya sa na san cikinsa da bayansa.

Irinsa suna da yawa a garin. Tun da kasuwar kaset da faifan CD ta Ƙofar Wambai ta durƙushe, harkar fim ɗin Hausa ta koma YouTube da tashoshin talabijin irin su Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Da can sai kana da furodusa da ɗan kasuwar da zai buga maka kwafi. Yanzu kyamara da data sun isa ka jarraba sa'arka. Sai dai a lokacin YouTube ba ta fara raba kuɗin talla da mai tasha sai ya tara masu bibiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Tashar darakta ba ta da komai sai guntayen bidiyon kamu da dina. Lissafinsa shi ne gajeren fim ɗaya mai ratsa zuciya zai jawo masa mutane.

Labarin da ya rubuta na gida biyu ne masu katanga ɗaya. Matar gida na farko ta sayi firiza, ta fara sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya a watan azumi, kuɗi suka fara shigowa. Matar gida na biyu ta kasa barci. Ta je wurin boka, aka ba ta laya ta binne a bakin rariya, firiza ta ƙone, ɗan mai firiza ya kwanta ciwo. Daga ƙarshe asiri ya koma kan mai shi, ta haukace, ta fita titi ba mayafi tana tona wa kanta asiri. Wani malami ya fito ya karanta ayar ƙarshe ta Suratul Falaƙ, aka rufe da rubutu a allo: hassada ga mai rabo taki ce.

Abin da bai gaya wa kowa ba, har ni, shi ne rabin farko na labarin daga gidansu ya kwaso shi. Mahaifiyarsa tana da firiza, tana sayar da ƙanƙara. Maƙwabciyarsu, matar wani dattijon tela, ta ɗan ja baya da shiga gidan tun bayan sayen firizar. Boka da laya da hauka ne kawai ƙarinsa.

Ɗaukar farko: Janairu zuwa Fabrairu 2023

Don ya rage kuɗin lokeshan, wato wurin ɗauka, ya roƙi mahaifinsa a ɗauka a gidansu. Gida ne mai rubutun "ba a shiga" a bakin soro, don haka tsohon ya gindaya sharaɗi: maza ba za su wuce tsakar gida ba sai yana nan, kuma kowa ya fice kafin magariba. 'Yan wasa shida ne, ma'aikata uku. An tsara kwana biyu.

Kwana biyar aka yi, a warwatse cikin mako uku. Lokacin ne aka shiga wahalar takardun kuɗi, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa tsofaffin wa'adin 31 ga Janairu, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mai hayar janareta ya ce shi tsaba yake so. Jarumar da ke fitowa daga Hotoro ta kasa zuwa rana biyu, don mai adaidaita sahu ba ya karɓar taransifa. Duk ranar da aka ɗage kuma sai an sake biyan hayar kyamara.

Sauti ma ya ba da wahala. Makirfo ɗaya ne, wanda ke kan kyamara. An ajiye janareta a soro, ƙararsa ta bi ta ƙarƙashin kowace magana. Akwai injin markaɗe a lungun baya da ke tashi tun hantsi. Yaran unguwa suka ɗare katanga suna leƙe, almajirai suna sallama a ƙofa a tsakiyar fitowar kuka.

Akwai kuma abin da babu wanda ya lura da shi a cikinmu sai da hotuna suka zo gabana a kwamfuta. Labarin na azumin bazara ne, mutane suna layin ƙanƙara suna haki. Amma a tsakiyar hunturu aka ɗauka. Sama ta yi fari fat da hazo, leɓen jaruma ya tsage, yaran da ke bayan layi duk suna cikin rigunan sanyi, ɗaya har da hular sanyi mai rufe kunne. Na nuna masa. Ya ce ba wanda zai kula.

Fitowar binne laya a bakin rariyar gidansu ta gaske aka ɗauke ta, wadda ke fitar da ruwa zuwa kwatar da gidajen biyu suke tarayya a kanta. Da jarumar ta miƙe, kyamara ta biyo ta har ta nufi ƙofar gidan tela, koren ƙyaure mai lamba a jiki. Daƙiƙa uku ne kacal. Ya kuma sa mata wata kalma a baki da take maimaitawa duk sanda ta ga ana kai kuɗi gidan mai firiza: "Mu dai 'yan kallo ne." Sau huɗu ta faɗe ta a cikin fim ɗin. Ni na ɗauka gwanintar rubutu ce, har na yaba masa.

Saki da abin da ya biyo baya: Afrilu 2023

Na rage fim ɗin daga minti 34 zuwa 26. Ya ɗora shi a YouTube a goman ƙarshe na azumi, ya tura wa abokai da 'yan uwa a WhatsApp, ya kuma riƙa ƙara wa masu zuwa shagonsa kyauta a kan abin da suka saya.

A kwana na uku wata 'yar unguwar ta yanko fitowar hauka da ta "mu dai 'yan kallo ne" ta haɗa, ta sa a zauren WhatsApp na matan layin. Ashe kalmar ta matar tela ce, kowa a layin ya san ta da ita, shekara da shekaru. Ga koren ƙyaure, ga rariya, ga firizar da kowa ke sayen ƙanƙara a cikinta. Ba a buƙaci wani ya fassara ba. A wani taron suna da aka yi kafin sallah, ana rabon abinci wata ta ce "mu dai 'yan kallo ne", ɗaki ya fashe da dariya, matar tela tana zaune. Ta ɗauki mayafinta ta fita ba ta ci ba.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma 'yar tela ta biyu an sa mata rana, kuma guntun bidiyon ya kai ga dangin mijin. Wata gwaggon ango ta aiko a tambaya a ɓoye ko gaskiya ne uwar yarinyar tana bin bokaye. Tela, mutumin da ya fi shekara ashirin yana tsayawa kafaɗa da kafaɗa da mahaifin darakta a sahun asuba, ya koma ɗaya gefen masallaci. Ranar sallah, 21 ga Afrilu, ba a kai tuwo daga wannan gida zuwa wancan ba, ba a kawo ba. Washegari tela ya kai ƙara wurin mai unguwa.

Gyare-gyaren da ba su yi aiki ba: ƙarshen Afrilu zuwa Mayu 2023

Abu na farko da darakta ya yi, ya sa ni na ƙara rubutu a farkon fim ɗin cewa labarin ƙage ne, duk wanda ya ga ya yi kama da shi dace ne. Wannan ya ƙara rura wutar. Mutanen layin suka ce ga shi nan ya amsa da bakinsa, in ba haka ba me ya kawo bayani. Su kuma abokansa suna ba shi ƙarfin gwiwa da cewa mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, in ba ta yi ba me ya tsorata ta.

Na biyu, muka yanke daƙiƙa ukun ƙyaure, muka cire kalmar a wurare huɗun, muka sake ɗorawa. Aikin banza ne, kuma ya fi kowa sanin haka, tunda sana'arsa ke nan: abin da ya shiga waya ɗaya ta Xender ya shiga ɗari, ba ya dawowa. Tsohon kwafin ne ke yawo, sabon ba wanda ya neme shi.

Na uku, ya rubuta saƙon ban haƙuri ya tura wa babban ɗan tela, sa'ansa, ya ce ya nuna wa iyayensa. An ɗauki wannan a matsayin raini. Yaron da aka goya a gidan, wanda tela ya ɗinka wa kayan sallah tun yana rarrafe, ya rasa ƙafar takowa sai saƙon waya.

Sai na huɗu, ya cire fim ɗin daga tasharsa gaba ɗaya. Wannan ma bai kashe maganar ba, amma ya ba mai unguwa abin da zai fara da shi.

Zaman sulhu: Mayu 2023

An zauna a soron mai unguwa bayan la'asar. Akwai liman, akwai magidantan biyu, akwai darakta, ni ma an kira ni tunda hannuna na ciki. Darakta ya fara da cewa, "Ranka ya daɗe, wallahi ban ambaci sunan kowa ba." Mai unguwa ya tambaye shi ƙofar wa aka gani. Ya yi shiru. Ya tambaye shi maganar wa aka ji. Ya sunkuyar da kai. Liman ya kawo hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Jibrilu bai gushe yana masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai sa shi cikin magada. Bai ƙara komai a kai ba.

Tela bai yi dogon jawabi ba. Ya ce shi ba kuɗi ya zo nema ba, ba kotu zai je ba. Auren 'yarsa ne ke rawa.

Abu uku aka yanke. Fim ɗin ba zai koma intanet ba a kowace siga. Darakta da mahaifinsa za su shiga gidan tela su ba matar haƙuri baki da baki. Sannan darakta zai bi liman zuwa wurin waliyyin ango, ya faɗa da bakinsa cewa boka da laya ƙirƙirarsa ce, bai taɓa gani ba, bai taɓa ji ba.

An yi duka ukun cikin mako guda. Ya gaya mini da ya durƙusa ya ce "Mama, ki yafe mini", ba ta kalle shi ba, tana tsince shinkafa a faranti. Ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ba ta ce ya tashi ba, sai da mahaifinsa ya taɓa shi. Dangin ango sun karɓi bayanin, ranar aure ta tsaya yadda take. Tela ya dawo gurbinsa a sahu. Matan biyu kuwa ba su koma magana ba.

Watannin zama da sake rubutu: Yuni zuwa Disamba 2023

Kafin ya cire fim ɗin na ɗauki hoton jadawalin da YouTube ke nuna wa mai tasha, wanda ke bayyana inda masu kallo suke tsayawa da inda suke gudu. Bayan ƙura ta lafa muka zauna a kansa. Mafi yawan waɗanda suka buɗe sun fita kafin minti na huɗu. Layin ya kwanta ƙasa har zuwa minti na 22, ya yi ɗan tsalle a fitowar hauka, ya sake faɗuwa kafin malami ya buɗe baki. Wato mutane tsallakawa suke su kalli mahaukaciya su tafi. Sharhin da 'yan waje suka bari kuma rabinsa a kan rigunan sanyi ne, wani ya tambaya ko a Jos ake wannan azumin.

Ko da yana son sake ɗauka a lokacin, babu hali. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, hayar janareta da kuɗin motar 'yan wasa suka bi ta. Damina kuma ta sauka. Ya koma shagonsa, ya ce ya bar fim.

Abin da ya juya lamarin ba daga cikin 'yan fim ya zo ba. Yayar mahaifinsa ce, wadda ke zuwa daga Gwarzo ta kwana biyu duk bayan 'yan watanni, ta sa ya kunna mata fim ɗin a waya don ta ga abin da ya tayar da unguwa. Ina wurin. Ta kalla har ƙarshe ba ta ce uffan ba, sannan ta miƙa masa wayar ta ce, "Kai yaro, a ina ka taɓa ganin mai hassada ta haukace a titi? Mai hassada ai ita ce ta farkon zuwa barka. Ita ce mai cewa kai, masha Allahu, nawa kika saya."

Ya ce, "Gwaggo, ai fim ne, sai an ƙara gishiri."

Ta ce to bari ta ba shi wanda ba gishiri. Shekarar da aka sayi firizar, ɗaukar adashi ta matar tela ce, ita ta bar wa mahaifiyarsa ta ɗauka a gabanta don kada farashi ya tashi. Wata biyu bayan haka keken ɗinkin mijinta ya lalace, ba ta da abin taimaka masa, kuɗinta yana can ya zama firiza a gidan maƙwabta, tana jin ƙararta ta katanga. Ta ce in ranta ya sosu a wannan hali, wa zai ce shi ba zai ji ba. Sannan ta rage murya, ta ce ranar da aka kawo kayan sa ranar 'yar tela da mota biyu, alhali ƙanwarsa da ta girme ta tana zaune a gida, wa ya shiga ɗaki ya ce kansa na ciwo? Ya san amsar. Ba ta faɗi suna ba, shi ma bai faɗa ba.

Daga wannan hirar sabon rubutu ya fito. Ya ɗauke shi kusan wata uku, yana kawo mini muna karantawa da ƙarfi muna gogewa. Boka ya fita, laya ta fita, ciwon yaro da hauka da malamin ƙarshe duk suka fita. Abin da ya rage ƙananan abubuwa ne. Maƙwabciya ta fara hana 'ya'yanta kai ruwa a sanyaya musu, ta ce randa ta ishe su. A gidan biki an yabi zoɓon mai firiza, ta ce ai kala ake zubawa yanzu. Da dare ta juya wa mijinta baya, ta ce wasu mazan dai sun san ciwon iyalinsu. Mijin ya je ya ciyo bashi ya sayo tsohuwar firiza, ta yi mako biyu ta tsaya. Ita ma mai firizar ba a bar ta fes ba: ta fara ƙirga kuɗi a tsakar gida da murya sama-sama, ta fara aiko da ƙanƙarar kyauta ta hannun yaro a gaban baƙi, ta manta wa ya bar mata ɗauka. Sana'ar mijin ya mai da ita facin taya, yaran ya mai da su ƙanana, babu budurwa, babu maganar aure. Shafi goma sha ɗaya ya tashi.

Kafin ya nemi ko ɗan wasa ɗaya, ya ɗauki rubutun ya kai wa tela a shago. Ya ce, "Baba, zan sake, amma ba zan ɗauka ba sai kun gani." Tela ya ce shi ba ya karanta irin waɗannan, ya ajiye a kan teburin yanka. Bayan kwana huɗu ƙaramar 'yarsu ta dawo da takardun, ta ce an karanta wa Mama, ta ce abu ɗaya za a cire: wurin da aka nuna gidan sun kwana ba a ɗora tukunya ba. Ya cire. Ba ta aiko da cewa ta yarda ba, ba ta aiko da cewa ta hana ba.

Ɗauka ta biyu: Afrilu 2024

An yi sallah ranar 10 ga Afrilu, muka fara mako guda bayanta, lokacin da zafin Kano yake kan ganiyarsa, ba sai an fesa wa kowa ruwa a goshi ba. An hayi gida a wata sabuwar unguwa a bayan gari inda ba a san shi ba. Kafin ranar ya je wurin mai unguwar can, ya shiga gidan dama da na hagu ya yi bayani, ya ce in akwai ƙofar da ba a so ta fito a faɗa. Ɗaya ya ce kada a nuna tasa, aka rataya tabarma a wajen.

'Yan wasa huɗu da yara biyu, kwana uku, ba a ƙara ko yini ba. An hayo makirfo biyu na maƙalawa a wuyan riga. An kai janareta ƙarshen layi da doguwar waya. Fitowar magana duka tsakanin fitowar rana da ƙarfe goma aka ɗauke su, kafin gari ya cika da hayaniya. Yaran layin kuma aka ba su aiki, su ne masu layin sayen ƙanƙara, kowa da kwanonsa, sai leƙen katanga ya ƙare.

Fitowar ƙarshe ce ta fi cin lokaci, ko da yake babu magana a cikinta. Saura kaɗan a sha ruwa. Yaron mai firiza ya shigo da dunƙulen ƙanƙara a leda, ya ce in ji Umma. Matar ta karɓa ta ce a gaishe ta. Ta juye a farantin silba ta ajiye a gabanta. 'Ya'yanta suna kallonta, ga jug ɗin kunu mai ɗumi a gefe. Ba ta fasa ba, ba ta mayar ba. Kyamara ta tsaya a kan farantin, ruwa yana taruwa a gindin ƙanƙarar yana gangarawa gefe. Aka kira salla. Ƙaramin ya miƙa hannu ya dangwali ruwan ya kai baki. Nan fim ya ƙare. Dunƙule uku muka narkar kafin yaron ya yi yadda ake so, a na farko dariya ya yi, a na biyu ya sure ƙanƙarar gaba ɗaya ya gudu.

Na tace shi ya tsaya a minti 14. Wannan karon ya kai shi Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda ke wannan aiki tun 2001, kafin ya ɗora. A na farko bai ma yi tunanin hakan ba.

Sakamako: Mayu 2024 zuwa ƙarshen shekarar

Fim ɗin bai tashi gari ba. An kalle shi a hankali, mako bayan mako, yawanci ta hanyar mata da ke tura wa juna. Jadawalin ya bambanta da na farko ƙwarai: layin ya sauka kaɗan a minti na farko kamar yadda ya saba, sannan ya miƙe har kusan ƙarshe, kuma wurin da aka fi maimaitawa shi ne farantin ƙanƙara. Masu sharhi sun rabu, wasu suna ganin laifin mai karɓa, wasu na mai aikowa, wasu na mijin da ya ci bashi. Da yawa sun yi ƙorafin cewa ba a nuna ƙarshen mai hassada ba, suna neman kashi na biyu. Bai yi ba.

Tashar ta wuce masu bibiya 1,000 kafin ƙarshen shekarar, amma fim mai minti 14 ba ya tara awa 4,000 da sauri, don haka bai ga ko sisi daga YouTube ba a wannan shekarar. Kuɗin ɗauka biyun daga shagonsa da hoton biki suka fita. Abin da ya samu a zahiri shi ne wani furodusa ya kira shi ya rubuta masa fitowar mata a wani fim mai dogon zango, aikin da ake biyansa duk mako. Daga unguwar farko babu ƙorafi, daga ta biyu ma babu.

Abin da nake gani ya kawo faɗuwa da tashi

A ganina kuskure ɗaya ne ya haifi rigimar unguwa ya kuma kashe fim ɗin farko. Darakta ya ɗauki ƙofar matar da kalmarta da rariyarta, abubuwan da za su sa a gane ta, ya bar abin da ke cikin ranta, ya cike gurbin da boka. Don haka 'yan layin suka gane ta suka yi mata dariya, 'yan waje kuma ba su ga kowa ba sai dodo, dodo kuwa ba a zama minti 26 ana kallonsa. A na biyu ya juya abin: ya sauya duk alamar waje, ya riƙe adashin da ƙarar firiza ta katanga. Babu wanda zai nuna gida ya ce nan ne, amma mata da yawa sun tsargu, kuma ina zaton wasu daga ɓangaren mai aiko da ƙanƙarar suka tsargu.

Gyare-gyaren farko sun faɗi ne domin duk a kan fim ɗin aka yi su, alhali ɓarnar ta bar fim ta shiga gidan suna da gidan surukai. Durƙuso da zuwa wurin waliyyi ne suka je inda ɓarnar take. Kai rubutun shagon tela kuwa, ni da farko na ɗauka tsoro ne, na ce masa marubuci ba ya neman izini. Na janye wannan magana. Gyara ɗaya tilo da matar ta nema ya ƙara wa fim ɗin kyau, domin da an nuna yunwa a gidan da mai kallo ya ce talauci ne ya sa ta, ya tsame kansa.

Makirfo da janareta da ɗaukar fim ɗin zafi a lokacin zafi sun taimaka, ba na musu, amma waɗannan kowa zai koya a ɗauka ta biyu. Ba zan kuma ce komai ya gyaru ba. An ɗaura auren 'yar tela a kan lokaci, mahaifiyar darakta ta je da kwanon cincin, an karɓa an yi godiya. Wani mai kyamara daban suka ɗauko daga wata unguwa, darakta yana zaune a kan benci cikin 'yan ɗaurin aure. A azumin da ya biyo baya yaran gidan tela sun dawo kawo ruwa a sanyaya musu. Uwarsu tana gaisawa da mahaifiyarsa ta kan katanga, safe da yamma, amma tun daga ranar sunan nan ba ta sake taka tsakar gidan ba.